Gangar Katako da Tukunyar Ƙasa: Yadda Ake Tantance Giyar Hatsi Daga Bafariya Zuwa Zuru

Giyar hatsi tana daga cikin tsofaffin abubuwan da ɗan Adam ya koyi sarrafawa bayan da ya kama noma, kuma duk inda ake yin ta, ko a Turai inda ake amfani da sha'ir, ko a ƙasar Zuru ta jihar Kebbi inda ake dafa ta da dawa, akan sami waɗanda aka sallama wa wajen rarrabe wadda ta yi da wadda ta lalace. Hukuncin Musulunci a kan abin da ke sa maye a bayyane yake, domin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta shi, coci-coci da dama ma suna hana mabiyansu, likitoci kuma sun tabbatar da ɓarnar da barasa ke yi wa hanta da zuciya da ƙwaƙwalwa, saboda haka wannan bayani bai zo domin kwaɗaitar da kowa ba. Abin da ya sa batun ya cancanci nazari shi ne ilimin da ke tattare da shi, wanda ya shafi manomin dawa da mai dama kunun zaƙi da jami'in lafiya baki ɗaya. Ilimin ya ginu a kan gaskiya biyu: ta farko, mazubin da aka ajiye abin sha a ciki yana sauya masa ɗanɗano kamar yadda hatsin da aka yi shi da shi ke yi, ta biyu, ba a yi wa abin sha adalci sai an auna shi da ma'aunin jinsinsa.

Ƙasar Zuru da dawarta

Masarautar Zuru tana kudu maso gabashin jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu. Mafi rinjayen mazaunanta Dakarkari ne, waɗanda ke kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela, sai Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Acifawa, tare da Hausawa da Fulani, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya a cikin dangi guda. Ƙasa ce ta duwatsu wadda ta fi yankin Sakkwato da Argungu samun ruwan sama, dawa kuma ita ce ginshiƙin abincinta, da ita ake tuwo da kunu, da ita kuma ake auna ƙwazon manomi.

A tsarin gargajiya na wannan yanki, noma da aure da biki sun sarƙe da juna. Akwai al'adar golmo, inda saurayi da tsararrakinsa ke yi wa surukai noma na tsawon shekaru, galibi bakwai, kafin a ba shi mata, akwai kuma Uhola, bikin godiya da ake yi bayan an kammala girbi, a lokacin sanyin hunturu. Giyar dawa, wadda aka fi sani da burkutu, ta daɗe da samun gurbi a irin waɗannan taruka, musamman a aikin gayya da bukukuwan kaka da jana'izar dattawa, ko da yake yaɗuwar Musulunci da Kiristanci ya rage yawan masu shanta ƙwarai. Mata ne ke riƙe da sana'ar dafa ta, kamar yadda su ne masu ginin tukwane, kuma matan Dakarkari sun yi suna har a gidajen tarihi na ƙasashen waje saboda tukwane masu siffofi da ake ɗorawa a kan kaburburan manya. Irin wannan giya tana da 'yan'uwa a faɗin Afirka: pito a Ghana, dolo a Burkina Faso da Mali, cukutu a Benin da Togo, bilbil a arewacin Kamaru da Cadi.

Abin da ke faruwa a cikin tukunya

Ƙwayar hatsi cike take da sitaci, shi kuwa yisti, wato ƙwayar halittar da ke mayar da sukari barasa da iskar kabon, ba ya iya cin sitaci sai an farfasa shi ya koma sukari. Wannan ne dalilin da ya sa aikin ke farawa da tsiro. Ana jiƙa dawa na yini ɗaya ko biyu, a tsame ta a baza a inuwa a lulluɓe, ana yayyafa mata ruwa na kwana uku zuwa biyar har ta fito da saiwa da toho, domin a lokacin tsirowa ne ƙwayar ke samar da wasu sinadarai masu narkar da sitaci, waɗanda masana ke kira amilas. Daga nan sai a shanya tsiron a rana, a murje saiwar da tohon, a niƙa. Murjewar tana da muhimmancin da ya wuce tsabta, domin tohon dawa yana ɗauke da wani sinadari mai suna durin, wanda ke iya sakin gubar sayanayid, kuma shi ne makiyaya ke tsoro idan dabba ta ci ƙaramar dawa da fari ya kama, sai dai murjewa da doguwar dahuwa suna rage shi matuƙa.

A mataki na gaba ne gwanintar masu dafa burkutu ta fi bayyana. Sitacin sha'ir yana nuna a zafin da ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, zafin da amilas ke aiki a cikinsa lafiya, amma sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya haura digiri 70, inda mafi yawan waɗannan sinadarai suke mutuwa. Matan Afirka ta Yamma sun warware wannan matsala tun kafin a san sunan sinadaran: sukan dama garin tsiro da ruwa su bar shi ya kwanta, su tsiyaye ruwan saman, wanda shi ne ya kwashe amilas, su ajiye gefe, su dafa abin da ya kwanta har sitacinsa ya nuna, sa'annan idan ya ɗan huce su mayar masa da ruwan da suka ajiye. Haɗin yakan kwana, kuma a cikin daren ne wasu ƙwayoyin bakteriya, dangin waɗanda ke mayar da madara nono, suke ba shi tsami. Washegari a tace, a sake dafawa na sa'o'i har ya yi kauri, a bar shi ya huce, a zuba masa abin da ya kwanta a gindin tukunyar da ta gabata, wanda ke cike da yisti. Cikin yini ɗaya ko biyu giyar ta tashi, barasarta kuma yawanci tana tsakanin kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Aikin duka, daga jiƙo zuwa sayarwa, yakan ɗauki kimanin mako guda.

Laga, giyar sanyi da jira

Giyar da ake kira laga ta bi wata hanya dabam saboda ƙasar da ta haife ta. A Bafariya ta kudancin Jamus, dokar shekarar 1516 ta taƙaita kayan haɗin giya ga ruwa da sha'ir da furen hof, wani tsiro mai yaɗo wanda ke ba da ɗaci da ƙamshi kuma yake hana saurin lalacewa. A 1553 kuma aka hana dafa giya a lokacin zafi, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, abin da ya tilasta wa masu sana'ar su dafa a lokacin sanyi su adana a cikin koguna da ramukan ƙarƙashin ƙasa da aka cika da ƙanƙara. A irin wannan yanayi wani yisti mai jure sanyi ya yi rinjaye, wanda ke aiki sannu a hankali a tsakanin digiri 7 zuwa 13, sa'annan ya kwanta a gindin mazubi. Bayan ya gama sai a ajiye giyar makonni, wani lokaci watanni, a sanyin da ya kusa daskarar da ruwa, har ta washe ta rabu da ƙamshin da ba a so.

A 1842 wani mai dafa giya ɗan Bafariya, Josef Groll, ya fitar da laga mai launin zinariya a garin Pilsen, wanda yau yake cikin Jamhuriyar Cek, kuma daga wannan samfuri ne mafi yawan giyar kwalba ta duniya ta samo asali. Injin sanyaya da Carl von Linde ya ƙera a shekarun 1870 ya raba sana'ar da dogaro ga ƙanƙarar hunturu, sai kuma Emil Christian Hansen na ɗakin binciken kamfanin Carlsberg a Denmak, wanda a 1883 ya ware yisti tsantsa jinsi guda ya raine shi shi kaɗai. Bincike na baya ya nuna cewa yistin laga ruwa biyu ne, haɗin yistin burodi da wani na daji wanda aka gano a dazuzzukan Patagoniya ta Ajantina, aka kuma sanar a 2011. Sakamakon wannan tarihi shi ne abin sha mai tsabtar ɗanɗano, wanda ba shi da kauri ko tsami ko ƙamshi mai ƙarfi da zai rufe aibi, saboda haka ƙaramin kuskure nan da nan yake fitowa fili.

Abin da katako ke bayarwa

Bishiyar da Larabawa ke kira balluɗ, Turawan Ingila kuma suke ce mata oak, ba ta fitowa a ƙasar Hausa, amma ita ce maƙeran ganga na Turai da Amurka suka fi so, domin katakonta yana da ƙarfi, yana lanƙwasuwa idan aka gasa shi, kuma ba ya yoyo. Abin lura shi ne cewa masu laga na dā ba su nemi ɗanɗanon katako ba ko kaɗan, har ma sukan shafe cikin ganga da ƙaro domin kada giya ta taɓa icen, kamar yadda aka yi a Pilsen shekara da shekaru kafin tankunan ƙarfe marasa tsatsa su karɓe aikin. Neman ɗanɗanon katako da gangan sabon salo ne da ya bunƙasa tare da ƙananan masana'antun giya na Amurka, waɗanda ke dafa kaɗan kaɗan suna gwada dabaru. Dokar Amurka ta wajabta cewa barasar da ake kira babon a tsima ta a cikin sabuwar gangar balluɗ da aka babbaka cikinta, don haka gangunan da aka yi amfani da su sau ɗaya, kowace mai cin kusan lita 200, suka yi yawa a kasuwa, kuma a shekarun 1990 kamfanin Goose Island na birnin Shikago ya yi fice da zuba baƙar giya a cikinsu.

Katakon da za a yi ganga da shi akan shanya shi a fili shekara biyu ko uku domin ruwan sama da iska su rage masa ɗaci, sa'annan a gasa cikin gangar da wuta, kuma gwargwadon gashin gwargwadon abin da za ta bayar. Zafi yana farfasa wani sashe na icen ya fitar da banilin, sinadarin da ke ba da ƙamshin banila irin na biskit da askirim. Akwai wasu sinadarai masu ƙamshin kwakwa, waɗanda suka fi yawa a balluɗ na Amurka fiye da na Faransa, akwai yujinol mai ƙamshin kanumfari, gashi mai nisa kuma yana kawo gardi da ƙamshin hayaƙi. Sai tanin, sinadarin da ke sa bauri, wanda shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, kuma shi ake ji yana kama dasashi a ɗanyen goro. Bayan duk wannan, ganga tana numfashi: iskar oksijin tana ratsa katako kaɗan kaɗan, tana tausasa wasu ɗanɗano, tana kuma tsofar da giyar, ramukan icen kuma sukan zama maɓoyar yistin daji da bakteriya.

A nan ne wahalar tsima laga a ganga take. Baƙar giya mai kauri da yawan barasa tana iya ɗaukar shekara a cikin katako ba tare da ta ɓace ba, amma laga mai barasa kashi 5 cikin ɗari tana iya komawa ruwan ice cikin 'yan makonni, kuma oksijin da ƙwayoyin daji sun fi saurin cin ƙarfinta. Shi ya sa masu wannan aiki sukan taƙaita lokacin, ko su zaɓi tsohuwar ganga wadda ƙarfinta ya ragu, ko babbar ganga wadda ruwan cikinta ya yi wa katakon yawa, ko kuma su gauraya wadda aka tsima da wadda ba a tsima ba.

Yadda alƙalai ke aiki

Tantance giya a gasa aiki ne mai ƙa'ida. Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da suka fi yaɗuwa shi ne na ƙungiyar horar da alƙalan giya ta Amurka, BJCP, wadda aka kafa a 1985, kuma takardarta ta raba maki 50 kamar haka: 12 ga ƙamshi, 3 ga kamanni, 20 ga ɗanɗano, 5 ga yadda abin ke zama a baki, 10 ga hukunci na gaba ɗaya. Wadda ta sami 45 zuwa 50 ta kai matuƙa, 38 zuwa 44 ta yi kyau ƙwarai, wadda kuwa ta gaza 14 tana da babbar matsala. Alƙali ba ya sanin wanda ya dafa, lamba kawai yake gani a jikin kwalba, ana hana turare da taba a ɗakin, kuma akan kurkure baki da ruwa tsakanin samfuri da samfuri.

Da hanci ake farawa, tun kafin kumfa ta kwanta, domin wasu ƙamshin ba sa jimawa, kuma ba a son abin ya yi sanyi ƙarara tunda sanyi yana danne ƙamshi. Sai ido, wanda ke duba launi da washewa da yadda kumfa ke tsayawa. Sai harshe, wanda aikinsa ya taƙaita ga zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da ɗanɗanon romo, sauran abin da mutum ke ji kuwa ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro, dalilin da ya sa mai mura ke jin abinci salam. A laga da aka tsima a ganga, tambayar farko ita ce ko lagar tana nan, wato ko ana jin gardin tsiron sha'ir da ɗacin hof da tsabtar da aka san ta da ita. Ta biyu kuma ita ce ko katakon ya zauna da ita lafiya. Banila da ta rufe komai aibi ce, haka baurin da ke busar da baki, haka ƙamshin ɗanyen katako irin na shagon kafinta.

Akwai kuma aibobin da aka san sanadin kowanne. Ƙamshin man shanu yana nuna an raba giya da yisti kafin ya gama aikinsa, ko kuma bakteriya sun shiga. Ƙamshin dafaffen masara yana zuwa daga tsiron da ba a tafasa ruwansa sosai ba. Warin jiƙaƙƙen kwali alamar oksijin ce da tsufa. Tsamin ruwan kal yana nuna ƙwayoyin da ke mayar da barasa asid sun sami iska. Wani wari mai hamami kuma yana tasowa idan hasken rana ya ratsa kwalba ya taɓa sinadaran hof, abin da ya sa aka fi son kwalba mai launin ƙasa. Domin a daidaita harshen masu tantancewa, masanin sinadarai Morten Meilgaard ya jagoranci tsara jadawalin sunayen ɗanɗanon giya a ƙarshen shekarun 1970. Kamfanoni kuma suna amfani da gwajin kofi uku, wanda aka inganta a Carlsberg a shekarun 1940: a ba mutum kofuna uku, biyu iri ɗaya, ɗaya dabam, a ce ya fitar da baren, kuma da yake mai cinta kawai yana iya dacewa sau ɗaya cikin uku, ba a yarda akwai bambanci sai waɗanda suka gane sun zarce wannan kaso da tazara mai gamsarwa.

Ma'aunin burkutu

Idan aka ɗora takardar laga a kan burkutu, kusan kowace siffarta za ta fito a matsayin aibi, domin ga ta a gurɓace ba ta washe ba, ga tsami, ga kauri, ga yisti yana kan aiki a cikin ƙwarya. Amma waɗannan su ne siffofin da masu ita ke nema, kuma suna da nasu ma'aunin, wanda ba a rubuce yake ba, sai dai yana da tsauri. Suna duba launi, wanda jar dawa ke mayarwa ja mai duhu. Suna duba ko tana motsi tana fitar da ƙananan kumfa, alamar tana da rai. Suna auna kauri, domin wadda ta tsinke ana zargin an yi mata ƙarin ruwa. Suna neman tsami mai laushi irin na nono wanda sauran zaƙi ke rakiya, ba mai kaifi da ke yanka maƙogwaro ba. Ƙauri yana tona asirin wadda ta bar tukunya ta kama a wuta, yauƙi da warin ruɓa kuma suna nuna tsiron ya yi fumfuna ko mazubin bai wanku ba. A yankuna da dama na Afirka ta Yamma al'ada ce mai sayarwa ta fara miƙa ɗan ƙoƙo na ɗanɗano kafin ciniki, kuma hukuncin masu saye shi ne ke ɗaga sunan wata ya kayar da na wata.

Babban bambancin yana ga lokaci. Laga ana lissafa mata makonni a cikin sanyi, burkutu kuwa sa'o'i ake lissafa mata a zafin da yakan haura digiri 30, ya ma kusanci 40 a watannin Maris da Afrilu. Tukunya guda tana iya zama mai zaƙi da safe, ta yi ƙarfi da yamma, ta koma tsami zalla bayan kwana biyu ko uku, domin ba a tace yistinta ba, ba a dafa ta bayan ta tashi ba, babu kuma hof da zai tsare ta. Saboda haka mai tantance ta dole ya san shekaranjiya aka sauke ko yau, kuma wadda aka dafa da hunturu ba ta tafiya da saurin ta bazara.

Tukunyar ƙasa tana yin wani sashe na aikin da ganga ke yi. Duk wanda ya sha ruwan sabuwar randa ya san yumɓu yana da ƙamshinsa kuma yana sanyaya abin da ke ciki, domin ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin jikinsa ya bushe ya tafi da zafi. Waɗannan ƙofofi suna riƙe yisti da bakteriya daga dahuwa zuwa dahuwa, ta yadda tsohuwar tukunya kan zama taskar ƙwayoyin da suka saba da gidan, kuma wannan na daga cikin dalilan da ke sa giyar wani gida ta bambanta da ta maƙwabta ko da dawarsu ɗaya ce. Shigowar durom na ƙarfe da robobi ya sauƙaƙa aiki ya kuma ƙara yawan abin da ake dafawa, sai dai yana da haɗari, domin ruwa mai tsami yana cin ƙarfe. A kudancin Afirka likitoci sun daɗe da gano cutar taruwar sinadarin ƙarfe a hanta tsakanin masu shan giyar gargajiya da aka dafa a duroma, durom ɗin da ya taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi kuwa haɗarinsa ya fi haka.

Inda dawa da laga suka haɗu

Hanyoyin biyu sun gamu a Nijeriya ta dalilin tattalin arziki. Kamfanin Nigerian Breweries, wanda aka kafa a 1946, ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya kuma buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, yana amfani da tsiron sha'ir da ake shigowa da shi daga Turai. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da wannan tsiro domin tsimin kuɗin waje, sai kamfanoni suka koma ga dawa da masara, nan take kuma suka ci karo da matsalar zafin sitaci da matan karkara suka daɗe da warwarewa. Sun magance ta da sauya tsarin dahuwa da ƙara sinadaran narkarwa na masana'anta, suka kuma fi son farar dawa da kaura marasa yawan tanin, ciki har da irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta inganta. Ko bayan an sassauta haramcin, dawa ta ci gaba da zama a cikin giyar kwalba da kuma lemunan tsiron hatsi marasa barasa irin su Maltina, wanda ya fito a 1976, kuma da yake Nijeriya tana cikin manyan masu noman dawa na duniya, da abin da ya kai wajen tan miliyan 6 zuwa 7 a shekara, wannan kasuwa tana taɓa farashin buhu a Zuru da Ribah da Mahuta ko da manomin bai taɓa kusantar giya ba.

Ta fuskar doka, Kebbi tana cikin jihohin Arewa 12 da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, bayan da Zamfara ta buɗe hanya. Ta fuskar lafiya kuma, akwai iyakar da harshe ba ya wucewa, komai ƙwarewarsa. Gubar aflatoksin da ke fitowa daga fumfunar hatsin da aka adana da danshi ba ta da ɗanɗano, kuma tana haddasa ciwon dajin hanta. Haka metanol, wadda ta hallaka mutane da dama da suka sha barasar da ake kira ogogoro a jihohin Ondo da Ribas a 2015, ba a rarrabe ta da barasa ta hanyar kurɓa. Irin waɗannan sai ɗakin gwaji, aikin da ya rataya a wuyan hukumomi irin su NAFDAC. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ma ta sanya ita kanta barasa a sahun farko na abubuwan da ke jawo cutar tun 1988.

Amfanin wannan ilimi mafi faɗi yana ga abubuwan sha na halal da ake yi da hatsi. Kunun zaƙi yana samun zaƙinsa daga tsiron hatsi ko dankali ta hanyar amilas ɗin nan, yana samun tsaminsa daga bakteriyar nan, kuma idan ya kwana biyu a zafi yisti yakan fara aiki a cikinsa, abin da ke da muhimmanci ga mai kiyaye addini da mai sayarwa duka. Haka fura da nono da koko da zoɓo, kowanne yana da siffofin da gwanaye suka sani da baki amma ba a tsara su a rubuce ba. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, tana zaune a tsakiyar masu wannan sani, kuma hanyoyin da aka ambata, wato ɓoye sunan mai samfuri, raba maki ga kowace siffa, da gwajin kofi uku, ba sa buƙatar injuna masu tsada. Da su za a iya gano irin dawar da ta fi ba da kunu mai gardi, da mazubin da ya fi tsare shi daga lalacewa tsakanin tulu da roba da kwalba, da kuma sa'o'in da yake ɗauka kafin ya sauya a kowane yanayi na shekara, kuma amsoshin za su yi wa matan da ke wannan sana'a amfani kai tsaye wajen rage asara da samun kasuwar da ta wuce unguwarsu.